Darasin Saka Kuba

Kafinta ya ajiye akwatin kayan aikinsa a bakin ƙofar, ya durƙusa yana duba tsohuwar kubar. Yayan matarsa na tsaye a kansa, yana ta faɗa kamar shi ne mai laifin.

"Ka ga irinta ko? Gida a rufe, mai shi yana can wata uwa duniya, ni aka bar wa amana. Jiya sai ga maƙwabci ya kira ni, wai yana hango shanya a bayan gida. Shanya fa! A gidan da ba kowa. Ko aljanu ne suka fara wanki?"

"Ƙila masu tsabta ne, Yaya."

"Kai komai wasa ne a wurinka. Cire min wannan ruɓaɓɓiyar ka sa sabuwa, ka ƙara sakata a ƙofar baya. Ƙarshen wata masu haya za su tare, ba na son wata magana."

Yayan nan dillalin gidaje ne, mutum mai tumbi da wayoyi biyu, kuma kusan duk aikin da Kafinta yake samu ta hannunsa yake biyowa. In rufi ya yi yoyo a ɗaya daga cikin gidajen da yake kula da su, ko ƙyaure ya kumbura, ko famfo ya ƙi tsayawa, mijin ƙanwarsa yake kira. Sunan ne kawai kafinta, amma ba abin da ba ya taɓawa a gida. Da wannan aikin ake ɗora tukunya, da shi yara ke zuwa makaranta. Shi ya sa ko faɗan Yaya ya yi yawa, yakan haɗiye ya ce to.

Sai dai kubar ba ruɓaɓɓiya ba ce. Ya murɗa hannun ƙofar, ya ji ya tafi sumul, ƙofar ta buɗe ba ƙara. Ya shafa yatsa a bakin ramin makullin, ya ga maiƙo. Ya san gidan nan. Da damina ya zo ya duba shi, lokacin ƙyauren sai an sa kafaɗa yake buɗewa, tagar falo a fashe, famfon kicin yana ɗiga dare da rana. Yaya ne ya ce a bar gyara sai an samu masu haya. Yanzu kuwa an kankare ƙasan ƙyauren har ya daina kartar siminti. Wanda ya shigo, ta tagar ya bi, sannan ya kwance kubar daga ciki, ya wanke tsatsar, ya shafa mata mai ya mayar.

Suka shiga. Falon a share tas. Kicin shiru, ba ɗigon ruwa. Tagar da ta fashe an toshe ta da siririn katako, an yanka shi daidai da bakinta, ko tsinke ba zai wuce ba. Kafinta ya matsa kusa. A gefen katakon akwai alamar fensir da ba a goge ba, 'yan layuka uku da suka haɗu a wuri ɗaya kamar sawun kaza.

Ya san wannan alamar.

Kowace Asabar yakan rufe shago ya tafi wata cibiya da ke bayan tasha, inda ake ciyar da matasan da ba su da wurin zama, ake koya musu sana'a. Gyaran ƙofa ya fara kai shi, sai shugabar wurin, wadda kowa ke kira Anti, ta roƙe shi ya riƙa koya wa yaran gyaran gida. Yana jin daɗin abin fiye da yadda yake nunawa. A can ba mai yi masa tsawa. Kawu suke ce masa, su yi rige-rigen ɗaukar masa akwati. Kuma shi ne ya hana su jan layi ɗaya in sun yi awo. "Layi yakan karkace," haka yake ce musu. "Ku yi sawun kaza, inda yatsun suka haɗu nan ne awonku."

Yana tsaye a gaban tagar sai ƙofar baya ta buɗe. Wata budurwa ta shigo rungume da kayan shanya, doguwa, siririya, da tsohuwar rigar sanyi ta maza a jikinta. Bahaguwa suke ce mata a cibiya, don da hagu take riƙe guduma, kuma duk ajin ba wanda ya kai ta hannu. Ta fara ganin Yaya, ta ja da baya a tsorace. Sannan idonta ya sauka a kan Kafinta, sai fuskarta ta washe gaba ɗaya, kamar wadda ruwa ya ci ta hango kwale-kwale.

"Kawu!"

Yaya ya juyo a hankali. "Ka san ta ne?"

Abin bai ɗauki lokaci ba. Tunani ya zo masa a dunƙule. Za a ce shi ya nuna musu gidan, shi ya koya musu kwance kuba, amana aka ci da hannunsa. Ya ga wayarsa ta daina ƙara, ya ga kansa zaune a shago yana korar ƙuda. Kafin ya gama tunanin, bakinsa ya riga shi.

"Yaran yanzu ai kowa kawunsu ne, Yaya."

Har da 'yar dariya ya haɗa. Bai kalle ta ba, amma ya ji lokacin da wani ɗankwali ya zame daga hannunta ya faɗi ƙasa.

Yaya ya kalle shi, sannan ya koma kanta. Ya yi faɗa son ransa. Ya tambaye ta gidan ubanta ne, ya ce da wani ne da tuni tana hannun 'yan sanda. Ita dai kanta a ƙasa. Abu ɗaya kawai ta ce, "Ba mu ɗauki komai ba, Baba. Kwana kawai muke yi."

"Ku? Ku nawa ne?"

"Ni da ƙawata. Ta tafi wanke-wanke gidan abinci, sai yamma."

Ɗaya daga cikin wayoyinsa ta yi ƙara. Ya amsa, ya ce ga shi nan zuwa, ya nuna Kafinta da yatsa. "Zan je in nuna wa wasu gida. Kafin in dawo ina so in ga sabuwar kuba a jikin ƙofar nan, ita kuma da tarkacenta a waje." Ya fita yana tsaki, ƙarar motarsa ta yi nisa.

Gidan ya yi tsit. Bahaguwa ta sunkuya ta ɗauki ɗankwalin, ta kaɗe shi, ta shige ɗaki. Kafinta ya buɗe baki zai kira ta, ya rasa da wane suna zai fara. Sai ya koma bakin ƙofa, ya buɗe akwati, domin aiki shi ne abin da ya iya.

Ya kwance tsohuwar kubar ba wahala, sukurorin ma a jiƙe suke da mai. Ya fito da sabuwar daga kwalinta, ya gwada, ya ga ta fi ramin girma. Dole sai an faɗaɗa shi. Ya sa kurfi, ƙarfen sassaƙa, a bakin katakon, ya ɗaga guduma, ƙyauren ya gudu. Ya tare shi da gwiwa, ya sake bugawa, kurfin ya goce ya yagi katako inda bai so ba. Shi da ya yi wannan aikin har ba ya iya tuna adadi, yau aikin ya gagare shi. Daga ɗaki yana jin motsinta, tana naɗe katifa, tana tura kaya cikin jaka.

Ya ɗaga guduma karo na gaba, sai ya ji ƙyauren ya tsaya cak. Ƙafa ce cikin silifas ta tokare shi daga ƙasa, hannu biyu suka riƙe shi daga sama.

"Buga," in ji ta.

Ya buga. Katakon ya fita yadda ake so.

"Ba ka koya mana wannan ba tukuna," ta ce, idonta a kan ramin. "Ka ce sai an gama darasin famfo."

"Haka ne."

"To ga kuba, ga ƙofa. A cibiya ma ba mu da sabuwa irin wannan. Nuna min."

Ya ɗago ya dube ta, ko gatse take yi. Ba alamar gatse a fuskarta, ba kuma wannan hasken na ɗazu. Fuskar mai son ganin yadda ake abu ce kawai. Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Ya miƙa mata fensir. "Ɗora kubar a gefen ƙyauren. A'a, ɗaga ta kaɗan, hannun ƙofa ya zo daidai da tsohon rami. Yawwa. Sa alama sama da ƙasa."

Suka yi musanya, shi ya riƙe ƙyauren, ita ta karɓi kurfin a dama, guduma a hagu. Ba da saninsa ba muryarsa ta koma irin ta ranar Asabar. "Kada ki ci da yawa lokaci ɗaya. Kaɗan-kaɗan. Abin da kika cire daga katako ba ya komawa. Juya bakin kurfin ya kalli ciki. Kin ji yadda sautin ya canza? Kin kusa fita ta gefe, ja baya."

Ɓarɓashin katako yana zuba a kan silifas ɗinta. Ta hura ramin, ta gwada kubar, ta cije a rabi. Ta zare ta duba inda ƙarfen ya bar tabo, ta kankare wurin kawai. Bai gaya mata wannan ba, da kanta ta gano. Da a aji ne da ya tara sauran ya ce su zo su gani.

"Yaya aka yi kika san gidan nan?" ya tambaya.

"Kai ka ba mu labarinsa."

"Ni?"

"Ranar da kake koya mana canza robar famfo. Ka ce akwai wani gida mai koren get kusa da tankin ruwa, ba kowa a ciki, famfonsa ya yi ta ɗiga har ya yi wa siminti rami. Kowa ya yi dariya. Ni kuma ba famfon na ji ba, ba kowa a ciki na ji."

Ya tuna. Har kwaikwayon ƙarar ɗigon ya yi musu da baki.

"Na ɗauka a cibiya kike kwana."

"Da can. Gadajen sun yi kaɗan, aka ce manya su bar wa ƙanana." Ta ɗauki sukudireba. "Kana wurin ai, Kawu, ranar da Anti ta faɗa a aji. Ka ce Allah ya sa hakan shi ya fi alheri. Sannan ka ce mu ɗauko zarto."

Wannan ma ya tuna. Ya tuna har ya ɗan ji haushin Anti a ranar, don ta cinye masa lokacin darasi. Tun daga nan kowace Asabar yarinyar nan take zuwa da wankakkiyar riga, ta riga kowa, ya koya mata gyaran rufi da taga da magudanar ruwa, ya yaba hannunta, ya ɗaure akwati a babur ya koma gida yana jin shi mutumin kirki ne. Gyaran gida yake koya wa mutanen da ba su da gida, kuma ko sau ɗaya bai tsaya ya ce, ke, ina kike zuwa in an tashi?

"Kafin ku zo nan fa?"

"Rumfar masu kayan miya, in sun tashi. Sai mai gadin kasuwa ya fara zuwa yana haska mana fitila, yana cewa mu zo ɗakinsa ya fi ɗumi." Ta murɗa sukur ɗin har ya nutse. "Nan kam akwai ƙofa. Shi ya sa na fara da ita."

Bai sake tambaya ba. Suka saka hannun ƙofar, suka huda inda harshen kubar zai shiga a jikin katakon bakin ƙofar, suka ɗaura ƙaramin ƙarfen da ke tare shi. Ita ta yi kusan komai. Da suka gama ta tura ƙyauren, ya shige da 'yar ƙara mai daɗi. Ta sa makulli ta murɗa, ta buɗe, ta sake murɗawa. Murmushi ya so ya suɓuce mata, ta danne shi.

Makullan uku ne a zobe ɗaya. Kafinta ya karɓa yana juya su a hannu. Ya leƙa waje, ba kowa. Ya zare ɗaya ya miƙa mata.

"Riƙe wannan. Zan ce masa biyu suka zo da ita. Ku riƙa shigowa in gari ya yi duhu, ku fita da sassafe, kada ku yi shanya. Zuwa ƙarshen wata dai."

Ta kalli makullin, ba ta miƙa hannu ba.

"In aka kama ni ba makulli, yarinya ce ta rasa wurin kwana," ta ce. "In aka kama ni da makulli, ɓarauniya ce. Kuma za a tambaye ka ko ka san inda na samo shi."

Ta tsaya a nan. Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma buƙatar ƙarasawa. Ya mayar da makullin cikin zoben.

Sakatar ƙofar baya shi kaɗai ya saka. Kafin ya gama ta fitar da kayansu: katifa ɗaya naɗaɗɗiya, risho, bokiti, jakunkuna biyu. Ta dawo ta share ɓarɓashin katakon da suka zubar, ta jingina tsintsiyar a bayan ƙofa, ta fita can wajen get ta zauna a inuwar katanga.

Rana ta karkata sannan Yaya ya dawo. Ya wuce ta ko kallo babu. Ya gwada kubar, ya gyaɗa kai. "Aiki ya yi kyau. Hannunka daban ne, ƙanina." Ya zaga ɗakunan, ya shiga kicin, ya murɗa famfo ya rufe. "Kai, har wannan ka gyara? Da tagar? Ai ka rage min aiki."

Kafinta ya yi gyaran murya.

"Ba ni na gyara ba, Yaya. Ita ce. Kubar ma ita ta saka. Ɗalibata ce, a cibiyar nan da nake zuwa. Ƙarya na yi maka ɗazu."

Ya jira tsawa. Sai ya ga Yaya ya jingina da bango yana dubansa kamar mai tausayi.

"Ai na sani."

"Ka sani?"

"Hotonku ba wanda ƙanwata ba ta tura wa ba a dangi. Kai a tsakiya ka baje haƙora, ita a gefenka riƙe da zarto. Tana shigowa na gane ta." Ya girgiza kai. "Tambayarka na yi don in samu inda zan dafa. Da ka ce min taka ce, ka tsaya mata, da sai in ce wa mai gida mun sa masu gadi zuwa ƙarshen wata, shi ke nan. To amma kai da ka san halinta ka yi tsalle ka koma gefe, ni kuma a su wa? Na ce lallai akwai abin da ka sani game da ita."

"Ba abin da na sani sai alheri. Yaya, to yanzu ma ai..."

"Yanzu kuma ina? Ina fita na kira mai gida na gaya masa an shiga gidansa. Ya tayar da hankali, ya ce a kai wa ƙaninsa makullan yau ɗin nan. Can zan wuce." Ya miƙo tafin hannu. "Kawo."

Kafinta ya zuba masa su duka ukun. Yaya ya kulle ƙofar, ya jijjiga ta ya ji ta kama, ya shiga mota ya tafi.

Kafinta ya daɗe tsaye a tsakar gidan. Gaskiyar da ya faɗa ba ta ji ba, tana can bayan katanga, kuma ba ta sayo mata ko kwana ɗaya ba. Ya ɗaure akwatinsa a babur, ya tura shi zuwa waje. Tana zaune a kan naɗaɗɗiyar katifar, tana cire 'yar tsagar katako daga tafin hannunta.

"Ina za ku?"

"Ina jiran ƙawata. Kada ta zo ta tarar da ƙofa a kulle ta rasa inda na yi."

"Daga nan fa?"

Ta ɗaga kafaɗa.

Ya koma gefe ya kira Anti. Ta ce wallahi ko a ƙasa babu wuri, jiya ma mutum biyu ta mayar, amma za ta sa ido. Ya kashe. Ya tsaya yana kallon lambar matarsa kamar bai taɓa ganinta ba, sannan ya danna. Ya faɗa mata komai, bai rage ba, har da maganar yaran yanzu.



"Wato Yaya ya kora, kai ka kulle, ni kuma in buɗe," ta ce.

"Ban ce dole ba."

"Su nawa ne?"

"Biyu."

"Baban yara, ɗaki biyu gare mu da wancan na baya da ka cika da guntayen katako. Kuma ba mu san su ba." Ya ji ta sauke numfashi. "Tun yaushe ka san ba ta da wurin kwana?"

In ya ce yau, ƙarya ce. In ya ce tuntuni, ita ma ba gaskiya ba ce.

"Kawo su," ta ce. "Ban ce zama ba fa. Zuwa mu ga abin da Antin taku za ta yi."

Ƙawar ta iso tana warin sabulun wanke-wanke, gajera mai kaifin ido. Bahaguwa ta ja ta gefe suka yi ƙus-ƙus. Ƙawar ta juyo ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Shi ne Kawun da kike ta ba ni labari?"

"Shi ne."

"Hmm," in ji ƙawar. Ba ta ƙara ba.

Da ya gaya musu maganar ɗakin, ba wadda ta yi godiya, ba wadda ta ƙi. Ya ɗaure katifar da rishon a bayan babur, ya kwatanta musu motar da za su hau da inda za su sauka. Ya riga su isa, ya tsaya a bakin titi da katifar mutane a bayansa. Mota ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Har ya fara tunanin sun fasa, sun gwammace rumfar kasuwa da gidan mutumin da bai san su ba, sai ya hango rigar sanyin nan tana saukowa, bokiti a hannu.

Matarsa ta riga ta sa yara sun kwashe katakon sun tara a tsakar gida, ta share ɗakin, ta yayyafa ruwa. Ta tare su a bakin ƙofa da sannu da zuwa, ta ba su ruwa, tana satar kallonsu suna satar kallonta. Ƙaramin ɗaki ne, taga ɗaya, rufin kwano. Bahaguwa ta ajiye jaka, ta duba sama, ta duba bango. Sannan ta tura ƙyauren ta rufe, ta sake shi. Ya dawo da kansa ya buɗe.

"Kin gani ko, 'yata?" in ji matar. "Gidan kafinta kenan. Tun ina goyon autana nake cewa a sa wa ƙofar nan sakata. 'Yan mata ba sa kwana a ɗakin da ba ya rufuwa." Ta harari mijinta. "Sai ka yi yanzu, tun da sauran haske."

Ya yi saurin buɗe akwati, har yana zubar da ƙusoshi. Ya lalubo wata sakata da sukurori, ya nufi ƙofar. Bahaguwa ta miƙo hannun hagu.

"Kawo, Kawu."

"Bari in riƙe miki ƙyauren."

"Bar shi. Ƙawata za ta riƙe."

Ya ba ta. Suka shige ciki, suka tura ƙyauren. Ya tsaya a tsakar gida kusa da tarin katakon, hannunsa ba komai, yana jin sukur yana shiga katako a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta koma kicin. Yara suka gaji da kallo suka watse.

Can ya ji sakatar ta shige da ƙarfi. Ya matsa kusa, don ya san za ta buɗe ta sake gwadawa, kuma yana da abin da yake so ya faɗa mata, ya shirya shi tun a hanya. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Ya tsaya yana jira. Ba a buɗe ba.